Ranar Da Na Hau Dutsen Jainawa A Ƙasar Indiya

Tun da na komo daga ƙasar Indiya mutane ke tambayata abin da na gani, kowa kuwa labarin Taj Mahal yake so ya ji, ko na 'yan wasan sinima. To, ni ban je Taj Mahal ba, ban kuwa ga ɗan wasa ko ɗaya ba. Abin da na gani wani dutse ne, shi ma ba domin wata tsohuwa da na yi wa laifi ba, da ko sunansa ban ji ba.

Bayan na fita makarantar horon malamai na koyar shekara biyu, sa'an nan maigidana ya sami zuwa ƙaro ilmi a birnin Rajkot, cikin jihar Gujarat, a yammacin Indiya. Muka tafi tare a farkon 2023. Gidan da muka kama haya katanga ɗaya ce ta raba mu da waɗansu mutane, miji da mata da 'ya'ya biyu da uwar mijin. Matar tana jin Turanci, nan da nan muka ƙulla ƙawance. Tsohuwar kuwa ba ta jin kome sai Gujarati. Ni ina ce mata Masi, watau kamar mu ce Inna, ita kuma tana ce mini dikiri, watau 'yata.

Ni da na sha tsayawa gaban allo ina gaya wa yara, a darasin labarin ƙasa, mutanen Indiya Hindu ne da Musulmi da Kirista kaɗan, sai ga maƙwabtana ba ko ɗaya daga ciki. Su Jainawa ne. Addininsu tsoho ne ƙwarai. Suna da manyan malamai 24 da suke kira Tirtankara, ma'anarsa mai buɗe mashigin ruwa, watau wanda ya nuna wa mutane inda za su ƙetare. Na ƙarshensu, Mahabira, ya yi zamani da Buda, yau wajen shekara 2,500 ke nan. Ba su da yawa, ƙidayar 2011 ta same su kamar miliyan 4 da rabi a duk faɗin ƙasar. Babban abin da suka riƙe shi ne kada a cuci mai rai, kome ƙanƙantarsa. Ba su cin nama ko kifi ko ƙwai. Masu tsanantawa, irin su Masi, ko albasa da tafarnuwa da dankali ba su ci, domin wai in an tumɓuke su an kashe tsiron duka da ƙwarin da ke cikin ƙasa. Rana na faɗuwa kuma sun rufe tukunya, kada ƙwaro ya biyo fitila ya faɗa cikin abinci.

Duk ƙawata ta gaya mini wannan, amma ta kunne ɗaya ya shiga ya fita ta ɗayan. Ran nan cikin damina na ga ramin tururuwa a gindin katangarmu ta waje, sun yi layi har bakin ƙofata. Ni kuwa an koya mini tsabta da kiwon lafiya, har na ci jarrabawa a kai. Na ɗauko kananzir na tuttula. Ina ɗaga kai sai ga Masi tsaye da ɗan kwano a hannu. Ashe kullum da safe ita ke zuba musu gari da sukari, shekara da shekaru. Ba ta ce mini kome ba. Ta dubi ramin, ta dube ni, ta juya. Tun daga ranar ta daina amsa gaisuwata. Ni ma na yi fushi, na ce wa maigidana, "A kan tururuwa?"

Aka yi wajen mako biyar haka. A watan Satumba suka yi kwana takwas na azumi da ibada da suke yi kowace shekara, wanda a ranar ƙarshensa kowa ke bin dangi da maƙwabta yana neman gafara. Da yamma na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe, sai ga Masi, mace mai shekara saba'in da 'yan kai, ta haɗa tafin hannuwanta a gabana, surukarta na fassara. Ta ce ta zo in yafe mata fushin da ta riƙe ni da shi. Jama'a, ni na yi ɓarnar, ita ta zo biko. Ƙasa ba ta tsage ba balle in shige.

Daga nan muka shirya, har ya zama in na yi zazzaɓi ita ke kawo mini kunun shinkafa. Wata rana ta tambayi surukarta shekara nawa da aurena. Aka ce uku. Ta dubi bayana, ta yi shiru. Irin duban nan na san shi tun a gida, kowace mace da ta shekara uku ba goyo ta san shi.

Da damina ta wuce sai ta ce za ta Falitana, kuma da ni za a tafi. Falitana wani gari ne a gundumar Babnagar, a gindin wani dutse da ake kira Shaturunjaya. Ga Jainawa masu fararen tufafi babu wurin ziyara da ya kai shi. Wata huɗu na damina masu ziyara ba su hawa, domin lokacin ƙwari sun yi yawa a hanya, kada a tattake su. Sai watansu na Kartik ya cika goma sha biyar, wajen Nuwamba, kāna a soma. Na yi shawara da maigidana, gama ni Musulma ce, wurin kuwa wurin ibadar waɗansu ne. Ya ce, "Je ki gani. Ba ki rusuna wa kome, ba ki kuma raina wa mutane abinsu." Muka tashi a watan Disamba 2023, mu uku, ni da Masi da ƙawata. Tafiyar wajen awa huɗu ce a mota.

Garin cike yake da masaukan baƙi waɗanda attajirai suka gina sadaka. A 2014 masu gudun duniyarsu wajen 200 suka ƙi cin abinci har hukuma ta hana yanka dabba da sayar da nama da ƙwai a cikin garin. Akwai kuwa Musulmi da yawa a nan, har da mahauta, su dokar ba ta yi musu daɗi ba. Ban sami wanda zan yi wannan zance da shi ba, amma na yi ta tunaninsa.

Da dare ƙawata ta karanta mini dokokin dutsen. Ba a cin abinci a kansa. Mace mai al'ada ba ta hawa. Ba mai kwana a sama, ko masu hidimar ɗakunan ibada, kowa sai ya sauko kafin duhu. Ba a kuma hawa da wani abu na fata. Nan fa ta dubi jakata, jan fata ce aikin dukawan Kano, wadda uwata ta ba ni ranar da za mu taso. Ban taɓa rabuwa da ita ba. Na kwashe takarduna na ƙulle a ƙyalle, na miƙa wa mai tsaron masauki jakar, raina bai so ba.

Na yi sallar asuba, muka fita da sauran duhu. A gindin dutsen sai ka ce kasuwa. Ga masu ba da aron sandar gora, ga masu ɗaukar mutane a cikin abin da suke kira doli. Wata 'yar kujera ce aka rataya a jikin gora, mutum biyu ko huɗu su saɓa a kafaɗa, kamar amukun da ake ɗaukar Turawa a zamanin dā. Kuɗin kuwa gwargwadon nauyin mutum ne, saboda haka, 'yan'uwa masu jiki, sai a yi tanadi. Suna ganin Masi suka yanyame mu. Ta kaɗa musu hannu. Surukarta ta roƙe ta, ta tuna mata da ciwon gwiwarta, ta ce ko likita ya hana. Masi ta ce da ƙafa ta saba zuwa, ba kuwa za ta ɗora nauyinta a wuyan ɗan wani ba tana da sauran numfashi. Ta sunkuya ta taɓa dutsen da goshinta, ta cire takalmi, ta dafa kafaɗata.

Matakalun sun fi 3,500. Wadda ta taɓa hawa Dala ta yi haki, to, ta ɗauka ba ta ko fara ba. An sassaƙa su da faɗi, suna miƙewa suna lanƙwasa, kana tsammani ga ƙarshe sai wani jeri ya ɓullo. Nan da can an gina 'yan rumfuna na hutawa, da masu ba da ruwa. Akwai tukunyar tafasasshen ruwa dabam domin masu tsanantawa, su ba su shan ɗanye.

Ni da nake taƙama da ƙuruciya, kafin gari ya waye sosai ƙirjina ya fara zafi. Masi kuwa tana da tsarinta. Ta hau ashirin, ta tsaya, ta ja numfashi uku, ta ci gaba. Ba ta duban sama, ƙasa take duba. Da fari na zaci domin gwiwa ne. Can sai na ji ta matse mini kafaɗa ta tsaya cik. Na duba, layin tururuwa ne ya ratsa matakalar. Ta ɗaga ƙafar nan mai ciwo ta tsallake, ta jira ni. Na tsallake. Ba wadda ta dubi 'yar'uwarta.

Mutane iri iri ke wuce mu. Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne mata masu gudun duniya, da ake kira sadwi. Fararen tufafi, ba takalmi, kowace da wani ɗan buza na farin ulu a hammata wanda take share wuri da shi kafin ta zauna, da ɗan ƙyalle da take kare baki in za ta yi magana. Ba su shiga mota, duk inda za su a ƙasar da ƙafa ne. Ba su aski da aska, tuge gashin ake yi da hannu. Sun fi maza masu gudun duniya yawa nesa ba kusa ba. Na ga waɗansu ba su kai ni shekaru ba, suna haurawa kamar iska. Ƙawata ta ce da yawansu sun yi karatu mai zurfi kafin su bar duniya, ba abin mamaki ba ne kuwa, gama a cikin matan Jainawa fiye da 90 cikin 100 sun iya karatu da rubutu, babu mabiya wani addini a Indiya da suka kamo su. Wannan ya burge ni. Amma gudun duniyar yarinya ƙarama bai kwanta mini ba, ba zan ɓoye muku ba. Duk wadda ta wuce sai in tuna tana da uwa a wani gari.

Akwai kuma masu wa'adin hawa sau 99. Sukan zauna a garin wajen wata biyu, su hau su sauko, waɗansu sau biyu a yini. Masi ta yi wannan ita da mijinta tun ƙawata ba ta zo gidan ba. Shi ya rasu. Da aka faɗi haka na daina jin tausayin kaina.

Hawan da masu ƙarfi ke yi cikin awa biyu, mu sai da muka yi huɗu. Kusa da ƙarshe hanya ta rabu biyu. Ta hagu ita ce gajera, ita ke kai mutum babban ɗakin ibada. Masi ta ja ni dama. Surukarta ta ce, "Uwa, wannan ai ta fi nisa, ga rana ta yi." Ba ta ko waiwaya ba.

Muka ɗan taɓa hawa, sai ga wani ɗan gini dabam da sauran, an lulluɓe wani kabari da koren zane. Na tsaya ina kallo. Kabarin Musulmi ne, a ƙwanƙolin dutsen Jainawa. Ana kiransa Angar Fir. Mutanen wurin sun ce wani waliyyi ne da ya kāre ɗakunan ibadan nan daga wata runduna a zamanin dā, shi ya sa har yau ake girmama shi. A kewaye da kabarin an tara waɗansu 'yan ƙananan abubuwa masu yawa. Na matsa, sai na ga siffar gadon jariri ne irin nasu mai lilo, kowane bai fi tafin hannu ba. Matan da ke neman haihuwa ke kawowa su ajiye.

Kafin in gama fahimta Masi ta kwance bakin zanenta, ta fito da guda, sabo ful. Ta ce da surukarta, "Gaya mata wannan nasu ne, ba namu ba ne. Ba zan ce ta shiga wurinmu ta roƙa ba. Amma ga nata a nan."

Sai a sa'an nan na gane. Tsohuwar nan ta sayi abin nan tun a Rajkot, ta ɓoye, ta ƙi doli, ta bi doguwar hanya da gwiwa a kumbure, duk domin ta kawo ni nan. Na dubi hannunta yana rawa. Ina son ɗa, Allah Ya sani, ban kuwa taɓa sonsa kamar a wannan tsayuwa ba. Amma abin da aka koya mini tun ina allo shi ne ba a roƙon ɗa a wurin kabari, mai bayarwa ɗaya ne. Na san waɗansu Musulmin ƙasar suna yi, ni dai ba zan iya ba. Ga shi kuma na taɓa ɓata wa matar nan rai sau ɗaya.

Na kama hannunta da nawa biyu, na ce da ƙawata, "Gaya wa Masi ba ni da uwa a ƙasar nan sai ita. Amma in na ajiye wannan na yi abin da na gaskata laifi ne, kamar a ce mata ta taka tururuwa domin ta faranta mini."

Ƙawata ta yi jinkiri kafin ta fassara. Masi ta saurara har ƙarshe. Ta mai da abin bakin zanenta ta ƙulle, ba ta ce uffan ba. Ni kuwa na yi wa mai kabarin addu'a irin wadda ake yi wa kowane mamaci Musulmi, muka wuce. Hannunta na kan kafaɗata, amma ban san abin da ke zuciyarta ba, na kuwa ji nauyinsa ya ƙaru.

Muka shiga wata ƙofa, sai ga abin da baki ba ya iya faɗa. Gari ne sosai, da ganuwa da ƙofofi da lunguna, amma babu gidan mutum ko ɗaya. Ɗakunan ibada ne kusan 900, manya da ƙanana, a kan tudu biyu da kwarin da ke tsakaninsu, an rarraba su unguwa unguwa, kowace da katangarta. Kowane da hasumiya mai tsini da 'yar tuta. Dutse ne aka sassaƙa, amma sai ka ce zanen ƙwarya, furanni da giwaye da masu rawa, ba inda aka bari fili. Daga kan ganuwa ana hango kogin Shaturunji yana ƙyalli can ƙasa.

Ba sarki ɗaya ya gina su ba, attajirai ne, kowa ya sami arziki sai ya zo ya ƙara nasa. An fi shekara 900 ana yi. Rundunar sarkin Dilli ta rushe da yawa a farkon ƙarni na 14, aka sāke ginawa. Wani mai fuska huɗu da muka fara tararwa, siffar da ke cikinsa na duban gabas da yamma da kudu da arewa, an gina shi a 1618. Unguwar da ke cikin kwari kuwa wani attajirin Bombai mai suna Motisha ya sa aka cike kwarin aka gina ta wajen 1836. Ku tuna duk dutsen da aka yi aikin nan da shi a kan mutum ko bayan dabba ya hau. Sunayen attajiran na nan a rubuce, na masu dakon ne ban gani ba.

Babban ɗakin na Adinat ne, na farkon malaman nan 24. Su Masi suka je suka yi wanka a wurin da aka tanada, suka sa tufafi masu tsabta, suka ɗaure baki da ƙyalle, suka bi layi. Ni na zauna a farfajiya. Daga nan ina hango siffar, farar ƙal, a zaune ta harɗe ƙafa, idanunta na ƙyalli. Mata na zaune a ƙasa suna jera ƙwayar shinkafa a kan 'yan tebura suna waƙa a hankali. Gefe guda wani na ta kiran lamba da ƙarfi, maza na ɗaga hannu. Na tambaya, aka ce gwanjo ake yi na wanda zai fara yin hidimar ibada, kuɗin kuwa na gyaran wurin ne. Na ce a raina, ɗan kasuwa ko a kan dutse ɗan kasuwa ne.

Da suka fito fuskar Masi ta jiƙe da hawaye. Ta zauna kusa da ni a inuwa ta daɗe. Sa'an nan ta yi ƙoƙarin tashi, gwiwa ta ƙi. Wannan karo da surukarta ta kira masu doli ba ta yi gardama ba. Ta dai sa aka ƙara musu a kan abin da suka yanka. Muka biyo su a baya, saukar kuwa ta fi hawan cin ƙafa. Kwana uku na yi ina tafiya kamar agwagwa.

A gindin dutsen akwai wani zaure da ake ba duk wanda ya sauko abin taɓawa kyauta, ba a tambayar addininsa. Muka zauna, tun daren jiya ba mu sa kome a baki ba sai ruwa. Ni dai ina ci ina satar kallon Masi. Da ta gama ta wanke hannu, ta kwance bakin zanen nan, ta kamo hannuna ta sa mini ɗan gadon a ciki, ta rufe yatsuna a kai.

Ƙawata ta fassara tana dariya. "Ta ce ba a ajiye shi a can ba, saboda haka ba na Fir ba ne, abin wasa ne kawai. In yarinyar ta zo ki ba ta."

Na ce, "In namiji ne fa?"

Masi ta girgiza kai, ta ce mace ce, kuma a sa ta makaranta.

Mun baro Rajkot a 2025. Ƙawata ta aiko mini cewa Masi ba ta ƙara hawa ba, amma an kai ta gindin dutsen ta taɓa shi da goshi ta komo, tururuwa kuma sun sāke rami a wurin nan na dā. Ɗan gadon yana ƙasan akwatina, a cikin jakar fatar uwata, wadda mai tsaron masauki ya miƙo mini a naɗe cikin jarida domin kada ya taɓa ta da hannu.